Mahaucin da Ya Tsare Ruwan Mai Bilbil

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Hamadu mahauci, kuma har yau in an ambace shi a kasuwar garin Gidar sai an yi dariya kafin a yi masa addu'a. Bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma ya bar duniya abokan sana'a na kiransa Sarkin Bilbil.

Da rani, in mayo, wato kogin garinmu, ya ƙafe, mata kan tona rami cikin yashin kogin su ɗebi ruwan da ya tsatso. Mu mahauta kuwa can sama da su muke wanke tumbi da hanji, jini da ƙazanta su nutse cikin yashi. Ba mu taɓa tambayar inda suke zuwa ba.

Wata safiya sai ga Dada Marta, wata Kirista mai dafa bilbil, giyar dawa, ta iso ranta a ɓace. Ta ce tukunya uku a jere sun ƙi tashi, sai wari, kuma dawarta lafiya lau, ruwa ne ya canza. Da wannan sana'ar take riƙe da jikokinta marayu huɗu. Ni da bakina, Allah Ya yafe mini, na ce gara ma su lalace. Yaya ya harare ni, ya ce: "Kai, da wane ruwa matarka ke dama maka kunu?"

Gaskiya ya faɗa, don rami ɗaya matata da Marta suke ɗiba.

A makon nan ya sa muka koma ƙasa da ramukan mata, muka haƙa wa ƙazanta nata ramin nesa da yashi. Tafiya ta ƙaru, ga zafin rana, ga kwanon kayan ciki a ka. Mun yi ƙorafi har mun gaji, daga nan ne ma aka laƙaba masa sarautar. Ko a jikinsa. Duk rani sai ya tare Marta a hanya ya tambaye ta lafiyar tukunya, wai tukunyar ta riga hancinmu gane ruwa. Da liman ya kira shi ya ji ba'asi, ya ce shi ba giya yake tambaya ba, ruwan alwalar liman yake tambaya. Maganar ba ta sake tashi ba.

Yanzu unguwa ta sami foraj, wato rijiyar burtsatse, ga ruwan leda ko'ina. Na san da yana nan da ya yi mana tsiya: mu sayi ruwa a leda, mu jefa ledar a ruwa. 'Yan moto masu wanke babura a mayo, baƙin mai na bin yashi, da sun ji a jikinsu. Ni nakan yi musu faɗa, amma ba ni da kwarjininsa, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Bai bar gida mai bene ba. Abin da ya bari shi ne har yau mahautan Gidar ƙasa da mata suke wanki, matasanmu ma sun ɗauka haka aka gada tun kaka da kakanni. Ranar da ya rasu, muna neman wanda zai je ɗebo ruwa, sai muka tarar da Marta a ƙofar gida da tulu biyu cike. Ta sauke ta koma gefe. Da ruwan nan aka yi masa wanka.