Dattijon da Ya Ƙi Barin Ƙofar Banɗaki

Shekara ashirin da uku, duk ranar wasa, tun alƙali bai hura usur na ƙarshe ba za ka gan shi tsaye a hanyar fitar 'yan wasa, jakar ƙanƙara a hannu, yana ta musanya ƙafa kamar mai jiran mota. Aikinsa karɓar fitsarin 'yan ƙwallo ne, don a auna ko sun sha ƙwayar ƙara kuzari, shi ya sa suke kiransa Baba Mai Kwalba. In ƙuri'a ta faɗa kanka, ka yi abokin dole. Ka zauna yana nan, ka shiga banɗaki yana nan, har sai ka zuba masa a kwalba biyu a gaban idonsa, ka rufe da hannunka. Matarsa kan ce har yau ba ta san abin da za ta gaya wa dangi ba in sun tambayi sana'ar maigida.

Wata shekara, saura wasa ɗaya a ɗauki kofi, ƙuri'a ta faɗa kan ɗan wasa mai lamba tara, wanda hotonsa ke kan kowane allon tallan gasar. Zufa ta tsotse shi, awa biyu yana ɗirkar ruwa, fitsari ya ƙi zuwa. Baba ya kasa zama, ya duba agogo, ya duba ƙofa. Mai tausar ƙungiyar, wanda a gabansa aka yi, ya ce sai ga shugaban gasar da kansa ya shigo yana fara'a, wai ɗan wasan ya gaji, a bar shi ya tafi gida, gobe da safe a karɓa. Kowa a ɗakin ya san abin da jiki ke wankewa kafin gobe. Baba ma ya san wanda ke magana shi ke sa hannu a takardar aikinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "na gobe na gobe ne. Ni na yau aka turo ni karɓa."

Ya ja kujera ya tokare ƙofa har aka samu. Sakamako ya fito da ƙwaya. Ashe wata da watanni ana yi wa ɗan wasan allura da sunan bitamin, har zuciyarsa ta fara kumbura, likitoci suka ce da ya ƙara kaka ɗaya, a fili zai faɗi. Aka dakatar da shi, aka tura Baba wasannin bayan gari shekara uku. Manyan ofishin gasar kuwa ko tambaya ba a yi musu ba, kuma wannan abin yana ci mini rai har yau.

Baba, kai ne ka ji tsoro, amma ba ka matsa ba. Makon jiya ka ajiye aiki, babu wanda ya taso daga ofishin gasar don yi maka bankwana. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku masu karɓar jakar nan bayansa, ku tsaya inda ya tsaya. Ku kuma shugabanni, mai lamba tara yana raye yana goyon 'yarsa, kuma ba ku ne sanadi ba.