Ranar da Baba Ya Nome Lambun Hajiya

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira, yawancinsu sun bi ruwa. Amma ranar da mahaifina ya nome wa wata baiwar Allah lambunta, wannan kam ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi.

Yanar ido ce ta kawo Baba Masar. Ta rufe masa ido ɗaya ruf, ɗayan kuma sai dishi-dishi. 'Yan'uwa suka haɗa ƙarfi aka turo shi wurina. Likita ya duba ya ce aikin ba mai wuya ba ne, amma sukarinsa ya hau, sai an saukar da shi tukuna. Ya kuma ja mini kunne cewa in aka yi sake, ɗaya idon ma zai bi ɗan'uwansa. Wato dai mu zauna mu jira, kuma babu wanda ya san ranar.

Ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Hayyin Ashir can saman bene yake, ga cunkoso, ba wurin da zan kai dattijo ba ne. Sai wani abokin karatuna ɗan ƙasar Tailan ya nuna mini masaukin wata 'yar ƙasarsu a wani lungu bayan Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ita ma karatu ne ya kawo ta tun tana budurwa, ta auri Bamisire, ya rasu ya bar mata tsohon gida, ta mai da shi masaukin baƙi mai sauƙin kuɗi, irin wanda ta ce yayarta na da shi a tsakiyar birninsu. Ɗakunan ba abin a zo a gani ba ne, gado ne da fanka da darduma. Amma da ka tura ƙofar ƙarfen nan, sai hayaniyar motoci ta koma bayanka, ka tarar da tsakar gida da ɗan lambu, da bishiyar lemo, da kujerun kaba a inuwa. Hajiya muke ce mata.

Ni a ganina na gama wa Baba komai. Ashe ban fara ba. Mutumin da tunda ya yi wayo bai taɓa wuni a zaune ba, shi na ajiye a kujera na ce ya huta, ga shi kuma damina ta faɗi a gida. Ko buta ba na bari ya ɗauka. In ya miƙe in ce ina za shi, in ya sunkuya in riga shi. Sai ya tsiri zagaye tsakar gidan nan, daga bakin ƙofa zuwa gindin lemo, ya dawo, ya sake komawa, hannuwa a baya. Wayata kuwa ba ta hutawa. A kira masa ƙanena, an yi shuka a gonar gabas? An sami taki? Wa ya duba shanun huɗa? Da an ajiye waya sai ya tuna wani abin, a sake kira. Ni ma hankalina ya rabu biyu, ina aji amma zuciyata na masauki.

Wata rana da la'asar ya ce, "Kai, ka je ka gyara mini tikitina. Gida za ni."

Na ce, "Baba, aikin fa?"

"Idon da ya rage ya ishe ni in bambance masara da ciyawa. Ni ba kayan ajiya ba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wahalar da aka sha kafin ya zo, kuma na san in ya hau jirgi makanta ce ke jiransa. Na roƙa, na kawo ayoyin haƙuri, ya ce ya gode, malam, amma ya san su tun kafin a haife ni. Ya tattara kayansa a jaka ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki, ya ce Juma'a ba za ta same shi a garin nan ba. Wanda ya san Baba ya san in ya faɗi magana ya gama.

Washegari na je aji ban fahimci komai ba, na fito tun kafin a tashi. Ina tura ƙofar masauki wani ƙamshi ya doke ni, kamar an yanka lemon tsami. Ga Baba a tsugune, ya naɗe hannun riga, yana riƙe da wata 'yar fartanya da ya lalubo a bayan famfo. Gefen lambun da a da yake cike da wata doguwar ciyawa mai kauri ya zama fili fes, ciyawar kuma an tara ta a gefe har da saiwoyinta. Fuskarsa a sake, irin yadda ban gani ba tun saukarsa.

Ya ce, "Matar nan tana da kirki, ba ta da mai taimaka mata. Ciyawa har bakin ɗakin baƙi, ai maciji take kira."

Wannan ciyawar ita Hajiya ke yanka ta sa a shayi da miya, na sha ganinta tana ba ta ruwa da hannunta. Kafin in buɗe baki sai ga ta ta dawo daga kasuwa. Ta tsaya, ta dubi filin, ta dubi tarin, ledar hannunta ta sulale ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa ta ɗauki saiwa ɗaya, ta ce mini da Larabci, a hankali, daga bayan ɗakin mahaifiyarta ta cire ta a zuwanta gida na ƙarshe, mahaifiyar kuma ta rasu, an sayar da gidan. Sannan ta share ido ta ce, "Ma'alish, ba komai, bai sani ba."

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Na so in ce godiya take yi. Amma ya ji muryarta, kuma ba a yi wa Baba irin wannan. Na faɗa masa duka. Ya juya ya fuskanci tarin ciyawar. Can ya ce, "Na ji ƙamshin, na ɗauka haka ciyawar garin nan take." Ya laluba tarin, ya murza wata saiwa da yatsa. "Ka ce mata ban san wannan shuka ba, ba zan yi mata alkawari ba. Amma saiwar da sauran danshi. Ta kawo ruwa."

Haka suka wuni, shi ba Larabci, ita ba Hausa. Yana datse ganyen yana mayar da gindin cikin ƙasa, tana zuba ruwa tana cewa tamam, ya Hajj, wato ya yi daidai, Alhaji. Na miƙa hannu in karɓi fartanya ya doke hannun. Da magariba ta yi, ya wanke ƙafa, ya dubi jakarsa ta bakin ƙofa ya ce, "Mayar da wannan ciki. Ba na barin garin nan sai na ga abin mutane ya tsiro."

Daga ranar kiran gida ya ragu. Da ya idar da sallar asuba zai fita ya shafa kowane gindi, ya yi wa shukar inuwa da kwali in rana ta take, ya yi ta faɗa da magen gidan. Hajiya ta ƙara masa da barkono da wasu ganyaye, ta ce su ma ya riƙe. Abincin da likita ya tsara masa, wanda a da sai mun yi rigima, ya koma ci ba musu, wai kada a kwantar da shi ya bar shuka. Sukari ya sauka, aka yi aikin, aka dace. Wasu gindin sun bushe, ba su tashi ba, kuma na ga yadda hakan ya dame shi. Amma da yawa sun yi toho, ya kuma gan su da idonsa kafin ya tafi.

Baba ya rasu shekarun baya, yana gani garau har ƙarshe. Abin da na koya a tsakar gidan nan shi ne, babba ba ya iya zama a inda ba a bukatarsa, komai daɗin wurin. Duk roƙona da hidimata ba su riƙe shi kwana ɗaya ba, sai da aka sami abin da ke jiran hannunsa. Shi ya sa yau in mahaifiyata ta zo gidana ta ce a miƙo mata tsintsiya, ba na ce mata ta huta. Miƙa mata nake yi.