Yadda Asabe Ta Koyi Ɓuya

A shekarar 1987, bayan Kafanchan ta hargitse kuma ta lafa, Baba ya kwashe mu ni da ƙanwata Asabe ya kai mu wurin Kaka a Fadan Kagoma, shi kuma ya koma bakin aikinsa na reluwe. Ina da shekara tara, Asabe uku da 'yan watanni. Kafin ya hau mota ya ja ni gefe ya ce in wani abu ya sake tashi kuma gudu bai yiwu ba, mu ɓuya, kada mu fito sai mun ji muryar na gida. Ya ce Asabe tana hannuna. Daga ranar barci ya daina yi mini daɗi.

Matsalar ita ce Asabe ba ta iya ɓuya ba. In na ce ta ɓuya, sai ta tsaya a tsakiyar gida, ta rufe idanunta da tafin hannu, tana murmushi. A ganinta tunda ba ta ganin kowa, ba mai ganinta. Na yi bayani har bakina ya gaji, na koma ranƙwashi. Ni dama ban gaji haƙuri ba, ga kuma tsoro yana cina. Kullum sai in hango ta tsaye a kan hanya, hannu a fuska, mutane suna tahowa da gudu.

Wata yamma Kaka ta kama ni ina murɗe mata kunne. Hausar Kaka ta kasuwa ce da coci, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, kuma da ita take yi mana magana don ba ma jin yaren gida sosai.

"Rifkatu, bar shi," in ji ta. "Ba taurin kai ba ne. Kan shi ne bai kai wurin ba tukuna. Ka taɓa ganin an ja citta da hannu ya yi girma?"

Da muka gama cin tuwon acca, ta zaunar da mu a bakin murhu, ta tura gwaza cikin toka, ta buga wuƙar tsaga citta a dutse sau biyu. Haka take buɗe tatsuniya. Ta ba mu labarin wata kura da ta shigo gari lokacin da manya suka tafi gona. Yara uku ta tarar. Babban ya faɗa cikin randa, na tsakiya ya shige ƙarƙashin rumbu, auta kuwa ta tsaya a fili ta rufe ido. Kaka ta sauke murya, ta riƙa jan ƙafa a ƙasa tana shinshina kamar kura. Wutar tana haska rabin fuskarta, ni da na girma ma sai da na matsa kusa da bango. Kura ta zagaya auta, ta sa baki a kunnenta ta ce, ke ba kya ganina, amma ni ina ganinki sarai. Ta buɗe buhu.

A nan Kaka ta tsaya. Ta ce sauran labarin ba ta sani ba, sai mun taimaka. Ta ce Asabe ce kura yau, ni kuma in tsaya a fili in rufe ido. Asabe ta taho tana gurnani, ta cafke zanena, ta fashe da dariya wai Yaya ba ta iya ɓuya ba. Na ce alhamdu, ta gane. Da aka juya aka ce ita ta ɓuya, sai ta koma tsakiyar gida ta rufe idonta. Kamar in yi kuka don takaici. Kaka ko a jikinta. Ta ciro gwaza, ta kaɗe toka, ta rufe da maganar da take rufe kowace tatsuniya da ita: "Kura ya tafi, kowa ya fito."

Haka muka yi duk daminar. Kura ɗaya, buhu ɗaya, tambaya ɗaya: yau ina auta za ta shiga? Da farko Asabe ta fara cusa kanta cikin kwando ta bar sauran jiki a waje. Daga baya ta koma bayan turmi, amma ƙafafu suna leƙe, kuma da an kira sunanta sai ta amsa da ƙarfi. Kaka ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, sai dai ta taɓa ƙafar ta ce kura ya ga yatsa.

Lokacin tonon citta, wata yamma muna kwashe shanya, aka ji ƙara mai ƙarfi daga titi. Wani ya yi ihu, shi ke nan gari ya ruɗe. Mata suna kiran 'ya'yansu, maza suna nuna hanyar daji. Na waiga inda na bar Asabe, ba ta nan. Na fita titi a guje, don zuciyata ta ce can zan same ta, tsaye, hannu a fuska. Ba ta nan. Na duba ɗaki, na duba bayan turmi, na kira sunanta har muryata ta dishe. Shiru. Abin da kawai nake ji a kaina shi ne maganar Baba, tana hannunki.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa tayar babbar mota ce ta fashe a gangare. Mutane suka fara dawowa suna dariyar kunya, amma Asabe ba ta fito ba. Duhu ya soma sauka. Ina kuka na ce wa Kaka wani ya ɗauke ta. Kaka ta dube ni, na ga ita ma tsoro take ji. Sai ta taka zuwa bakin murhu, ta ɗauki wuƙarta ta buga a dutse sau biyu.

"Kura ya tafi," ta ce da ƙarfi. "Kowa ya fito."

Buhunan citta da ke ƙarƙashin rumbu suka motsa. Asabe ta rarrafo, kanta duk yanar gizo-gizo, idanunta a buɗe tar. Ta zo ta kama zanena.

"Yaya, ni ina ganinku, ku ba ku gan ni ba."

Na tambaye ta me ya hana ta amsa kirana. Ta ce ai kura ma ta iya kiran suna.

Bayan shekaru na shiga kwalejin horon malamai, na karanta cewa ƙaramin yaro yana ɗauka abin da idonsa ya gani shi ne abin da kowa yake gani, kuma sai a hankali yake iya tsayawa a wurin wani. Wasu masanan sun ce lokaci ne kawai yake kawo hakan, wasu sun ce babba yana iya riƙe masa hannu cikin wasa har ya ƙarasa. Muka yi ta gardama a aji. Ni kuwa na riga na ga duka biyun a bakin murhu ɗaya, wurin matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba.

Yanzu ƙananan yara 'yan nazire nake koyarwa. In yaro ya tsaya a fili ya rufe ido, sauran malamai dariya suke yi. Ni har yau gabana ne yake faɗuwa. Sai in durƙusa, in cire masa hannun a hankali, in ce masa yau shi ne kura.