Hannun Auta da Dinamon Boksi

Ni ne mai laifi. Dinamo huɗu na ƙone da hannuna, kuma na karya wa ƙanena hannu a kan abin da bai aikata ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, ba nisa da Abu Hujar. A lokacin ina da tsohuwar boksi, wato a-kori-kura, mai shan jaz, man dizal ke nan, ina kwasar albasa da tumatir zuwa kasuwa, fasinja su hau saman buhuna. Ina kuma da lambu a gangaren kogi, da injin ban ruwa wanda ba ya tashi sai da batir. Batir ɗaya gare ni. Kullum da safe sai in ta da mota, in bar ta tana ruri, in zare batirin in saɓa a kafaɗa in gangara lambu, in ta da injin, in dawo in mayar. Wani lokaci maƙwabcin lambuna ya ce in taimaka a ta da nasa, in tsaya. Haka na ga Baba yana yi da tsohon lorinsa tun ina yaro, kuma ina alfahari da wannan dabara. Ban taɓa ɗaukar ta wani abin da za a faɗa wa mai gyara ba.

Mai gyaran kuwa ƙanena ne, autan Inna. Duk gida Auta muke ce masa. Ya koyi aikin wutar mota a Madani, ya dawo ya kafa rumfa a kasuwar Abu Hujar. Mutum ne mai wasa, ni kuma ba ni da shi. Motata Hajiya yake kiranta.

Ran da jar fitilar nan ta gaban direba ta fara kamawa, batir ya mutu a hanya, sai da fasinja suka tura mu. Na kai masa.

"Hajiya ta yi fushi, Yaya?" in ji shi. "Me ka hana ta?"

Ya kwance dinamo, wato abin da ke cika batir da wuta in inji yana tafiya. Ya shinshina, ya ce cikinsa ya ƙone, tsufa ne. Ya samo wani ya ɗaura. 

Ba a daɗe ba wannan ma ya ƙone. Wannan karon na shiga rumfar da faɗa. Auta ya wuni a kan motar. Ya ja bel ya ga bai saki ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kankare inda suka yi tsatsa, ya canza wadda ke haɗe da jikin mota, ya gwada batirin ya ce lafiyarsa lau. Daga nan ya kama kan batirin ya juya shi da yatsa.

"Yaya, wannan kan ya cinye ƙwarai. Akwai mai taɓa maka batir?"

Na ji kamar yana nufin 'ya'yana suna wasa da motar, ko kuma yana neman wanda zai ɗora wa laifin aikinsa.

"Motarka ce ko tawa? Ɗaure shi ka rufe mini baki."

"Tambaya ce kawai."

Na kwaɗa masa mari a ƙeya, irin wanda nake yi masa yana ƙarami, alhali ga shi da gemu, ga matarsa da ciki. Ya sunkuyar da kai, ya sa wani dinamon, ya ɗaure kan batirin. Washegari da safe na sake kwance shi na gangara lambu.

A wajen mai shayi direbobi suka samu abin yi.

"Wai kai ba ka san 'yan wuta ba? Ya sa maka tsoho, ya sayar da mai kyan."

"Ai ɗan'uwa ya fi daɗin ci, ba ya kai ƙara."

Suna dariya. Wasa suke yi, na sani har a lokacin. Amma ni mutum ne da in magana ta shige ni ba ta fita. Na riƙa juya ta a raina ina tuƙi, har na fara ganin sabon takalmin Auta da sabon labulen ɗakinsa da wani ido.

Dinamo na uku ya ƙone ne a lokacin zafi, tumatir ya nuna gaba ɗaya. Na ɗauko nawa da na mutane. Na ga jar fitilar ta kama tun da safe, na ce zan kai. A wani rafi da ya ƙafe motar ta nutse cikin yashi, inji ya mutu, na murɗa makulli ban ji ko tari ba. Ba a tura mota mai kaya a cikin yashi. Rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙarƙashin kwanduna, matan da suka biyo kayansu suna ta salati. Wani direba ya wuce ta gefe ya danna ham, ya leƙo ya ce, "A gai da Auta!"

Na naushi ƙofar motar har fatar hannuna ta tsage. Na ɗauki sifana na kwance dinamon da zafinsa, na naɗe bel a ɗaya hannun, na hau amalanken jaki da ya zo wucewa. 

Na tarar da Auta da abokansa biyu sun kewaye kwanon ful, dafaffen waken nan, a kan teburin aiki. Ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushi.

"Bismilla, Yaya. Ina ka baro Hajiya?"

Na zabga masa bel a fuska. Kwanon ya kife. Na ƙara masa a wuya, na ƙara a baya, yana ja da baya yana cewa, "Yaya, tsaya, tsaya in duba." Na ce masa ɓarawo. Da ƙarfi na faɗa, da Hausa, na sake faɗa da Larabci don kowa ya ji. Na ce yana cin amanar mutane, duk wanda ya kawo masa mota ya duba abin da aka sa masa. Ya yi tuntuɓe ya dafa teburin da hannun dama don kada ya faɗi. Dinamon yana hannuna. Na ɗaga shi na sauke a kan hannun.

Na ji ƙarar ƙashin. Bai yi ihu ba, wani irin numfashi ya ja, ya durƙushe ya rungume hannun a ƙirji. Mutane suka rufe ni, wani ya shaƙe ni ta baya, wani mahauci ya doke ni a baki har haƙorina ya girgiza. Ana cewa a kira 'yan sanda. Daga ƙasa na ji muryar Auta.

"Ku sake shi. Yayana ne. Babu mai kiran kowa."

Ko wannan bai sanyaya ni ba. Na tofar da jini na ce, "Ya san abin da ya yi, shi ya sa."

Aka kai shi wajen maɗori. Wuyan hannu ya karye, yatsu biyu sun murƙushe. Inna ba ta zage ni ba, da ma ba ta ambaton sunana tunda ni ne ɗan fari. Sai dai in na shiga gaishe ta, ta juya fuska ga bango. Sukari da ganyen shayin da na aika mata aka dawo mini da su. Da aka kwance ɗorin, Auta ya buɗe rumfa, amma motoci ba su zo ba. Maganar ɓarawo ta zauna, tunda daga bakin yayansa ta fito. Ya kwashe kayan aikinsa da matarsa ya koma Rusairis wajen kawunmu. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban nema ba.

Na tafi Sinnar na sayi sabon dinamo a kwalinsa, na tsaya a kan wani tsohon usta, wato babban makaniki, Balarabe ne, har ya ɗaura shi a gabana. Na dawo ina gaya wa mutane yanzu za su ga bambanci.

Wata safiya na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na ta da mota na kunna fitilun gaba don in ga igiyar da zan ɗaure kaya. Na manta ban kashe su ba, na kama kan batir na zare. Fitilun suka yi wani fari kamar walƙiya, suka mutu gaba ɗaya. Wari ya taso daga injin, warin da na sani sarai, wanda Auta yake shinshinawa. Na mayar da batirin da sauri. Jar fitila ta kama.

Na tsaya riƙe da murfin mota. Raina ya gaya mini gaskiya a nan take, amma na ƙi. Na kwance dinamon na koma Sinnar da shirin faɗa. Na ajiye shi a gaban usta na ce kayansa na banza ne. Ya buɗe, ya duba, ya ce in gaya masa yadda aka yi, kada in bar komai. Da na zo kan cire batir sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Inji yana tafiya?"

"Yana tafiya."

"Yau ka fara?"

"Kullum nake yi. Ubana ma haka yake yi."

"Ya zol, bawan Allah, lorin ubanka irin na da ne, ko jaki ka ɗaura masa zai tafi. Dinamon wannan zamanin ba haka yake ba. Yana tura wuta, batir yana sha. Ka cire batir, wutar ta je ina? Sai ta koma ta ci cikinsa. Yau ta ɗan ci, gobe ta ɗan ci, jibi ya mutu. Kawo guda goma, goma za ka kashe."

Na cafki wuyan rigarsa. Ban san me ya sa ba, hannuna ne ya saba. Tsohon bai motsa ba, ya miƙa hannu ya ɗauki guduma daga kan tebur.

"Sake ni. Ni ba ƙaninka ba ne."

Ashe labarin ya riga ni zuwa Sinnar. Na sake shi. Na fita na zauna a bakin hanya.

Ko bayan wannan sai da na ɗauki lokaci. Na sayi batir na biyu na ajiye a lambu, na yi shiru, kamar in mota ta daina lalacewa maganar za ta wuce. Motar ta daina. Direbobi suka ce ai ga shi nan, tunda na rabu da Auta na huta, ni kuma ina jin su ina kurɓar shayi. Wannan shirun ya fi dukan muni, don a lokacin dukan ban sani ba.

Daga ƙarshe na shiga wajen Inna na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata komai.  Sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kai wannan, ba ni ka karya ba."

Ranar kasuwa na tsaya a inda rumfarsa take, na tara masu gyara da direbobi da mahaucin da ya doke ni, na ce ƙarya na yi wa ƙanena, na bayyana yadda na ƙone dinamon. Wasu suka yi dariya, wani ya ce Allah ya isa wa yaron. Daga nan na hau hafila, wato bas, zuwa Rusairis.

Na same shi a garejin wani, yana aiki a ƙarƙashin yaron da bai kai shi sani ba. Ya sunkuya cikin injin wata mota, sukundireba a hannun hagu. Yatsun nan biyu na dama sun warke a tanƙware, kuma har yau haka suke. Da ya gan ni ya miƙe a firgice.

"Yaya! Inna ce?"

"Inna lafiya lau."

Na durƙusa a kan ƙasar da ta jiƙe da baƙin mai. A gidanmu babba ba ya durƙusa wa ƙarami. Ya waiga hagu da dama.

"Yaya, tashi don Allah, mutane suna kallo."

"Su kalla. Da na doke ka ma suna kallo."

Ya ajiye sukundireban a hankali, ya tsaya.

Na ce, "Auta, ni ne nake cire batir mota tana tafiya, kullum, in kai lambu. Ka tambaye ni, na mare ka. Aikinka ba shi da aibu ko ɗaya. Na ce maka ɓarawo a gaban kasuwa, ba ka taɓa ɗaukar mini ko allura ba, na je na faɗa musu haka a inda na zage ka. Hannunka kuwa ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Na zalunce ka, ɗan Inna. Ka yafe mini don Allah."