Damin Dawar da Na Hana a Kai

Ranar da 'yata ta kammala digiri a Kanada ban samu zuwa ba, sai a gidana na unguwar Whitechapel a Landan na kalli bikin ta kwamfuta. Kafin a kira sunan kowa, wata Baturiya ta miƙe ta ce jami'ar tana kan ƙasar mutanen da Turawa suka tarar ne, ta yi musu godiya. Na ja tsaki. Kai, Bature da daɗin baki! Ka ƙwace gona, ka dawo kana godiya a lasifika.

Ban rufe baki ba kakana ya faɗo mini a rai.

Mu ma baƙi ne a garin da aka haife ni. Daga ƙasar Kano kakana ya zo, wani dattijon Gbagyi ya yanka masa fili ya ce ya zauna ya yi noma. Tun daga nan, duk kaka, ba mai ɗanɗana sabuwar dawa a gidanmu sai ya ɗauki damin farko a kansa ya kai gidan dattijon. Alhaji guda, ya tuɓe takalmi a ƙofar gida! Ni kuwa ina biye da shi saboda gasasshiyar doya da manja, da kuma jikar dattijon, ƙawata, wadda muke wanka a rafi tare har idanunmu su yi ja. Wallahi ban ƙara cin doya mai daɗin wannan ba.

Bayan rasuwar kakana, Babana ya ci gaba da kaiwa. Ni ce na dawo daga jami'a da kaina a kumbure, na ce masa wannan ƙasƙanci ne, tunda muna da takardar gwamnati. Na yi ta zuba Turanci har ya bari. Ƙawata ta daina shiga gidanmu, ni ma girman kai ya hana ni tambaya.

Abin kunyar, shekara da shekaru tana nan Landan tana aikin jinya. Mukan haɗu a titin Rye Lane wajen sayen kayan miya, mu yi gaisuwar sama-sama, kowa ta kama gabanta. Kewarta tana cina, amma bakina ya yi nauyi.

Asabar ɗin da ta biyo bayan bikin na hau jirgin ƙasa na Overground zuwa Peckham, unguwar da take zaune. Dawa ba ta samu ba, na sayi doya mafi girma a shagon kayan miya, na runguma har hawa na uku ina haki. Da ta buɗe ƙofa na tuɓe takalmi.

Na ce, "'Yar'uwa, gidanmu a ƙasar kakanninki yake. Ni na hana Baba kawo damin nan. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Duk mun yi furfura.

Ta ce, "Ke dai har yanzu ba ki da wayo. An gaya miki dawarku muke jira? Rumbunmu uku a cike. Duk kaka sai tsohon nan kakana ya sa a share ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, ya zauna. Har ya rasu yana tambayarmu ko wani laifi ya yi muku."

Ta karɓi doyar, ta matsa mini hanya. A bakin ƙofar na durƙushe ina kuka.