Randar Iska ta Tanimun

Tanimun taubashina ne, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni wurin jandarma. Tun muna samari ya baro Bazaga ya zo Konni koyon gyaran radiyatan mota. Yana nan bayan tasha har gemu ya yi furfura, ido ya soma gajiya da wutar walda. Aikinsa liƙe abin da ya tsage. Bai taɓa ƙera abin kansa ba, kuma abin ya daɗe yana cinsa. Yayansa Mahmud kuwa kowace bazara maganarsa ɗaya ce: gonar gado ta fi ƙarfinsa, Tanimun ya dawo gida.

Bara Ayuba, direban da ke jigila tsakanin Konni da Dogarawa, ya kawo masa mota mai turbo. Da safe takan yi gudu. Rana na takewa sai ta koma tafiyar tsohon jaki, tana baƙin hayaƙi. Tanimun ya ce turbo na matsa iska cikin inji, matsin na sa ta zafi, kuma inji ba ya ƙarfi da iska mai zafi. Akwai ɗan radiyatan da ke sanyaya ta, intakula suke ce masa, amma na motar Ayuba ƙarami ne, an kuma ɗora shi bisa inji.

"An yi shi don ƙasar da ake sa riga biyu," in ji shi.

Ya je Malbaza ya ciro babba daga wata matacciyar motar siminti, ya rage shi, ya liƙe, ya kafa a gaban motar inda iska ke bugawa. Ni na raɗa masa suna randar iska. Ana cikin aikin Mahmud ya iso da maganarsa ta kullum. Tanimun, ko tabarau na walda bai ɗaga ba, ya ce, "Yaya, in motar ga ta tsaya bisa hanya, na rantse ina binka gona." Gaban mutane ya faɗa.

Aka shiga gwaji da tsakar rana. Kayan gwajin buhunan yashi ne da ni.

"Kai ka fi buhu," Tanimun ya ce mini. "Buhu ba ya gumi, ba mu san zahi ya kai ba."

Ran farko tiyon randar ya fice tun ba mu bar gari ba, muka dawo a hankali. Wata rana iska ta riƙa zurarewa, ya bi liƙin da ruwan sabulu har ya ga inda ke kumfa. Daga baya abu ya yi. Muka tsaya a Malbaza, ya kama hannuna ya ɗora kan tiyon da ke shiga, na janye da sauri. Ya ɗora kan mai fita, sai ka ce gindin tulu. Bai yi dariya ba, amma ranar shi ya sayi shayi.

A hanyar dawowa tsakuwa ta lotsa randar. Don haka ya yi mata garkuwa da ƙarafa masu kauri, ya turo su gaba kamar kamu guda. A nan aka samu matsala. Shekarunsa duka a bakin tasha, amma ya manta cewa a wurinmu duk ƙarfen da ya leƙo jikin mota wurin ɗaure kaya ne.

Ana jajiberin Babbar Sallah saman motar ya cika. Wani dattijo ya zo da damman harawar ragonsa. Surukin Ayuba ne, ba a ce masa babu wuri. Ɗan kamasho ya dubi garkuwar, ya yi wa maƙerinta addu'a, ya ɗaure harawar tam. Wata mata ta ƙara kwandon kaji. Iska ba ta ƙara samun hanya ba, ba ga randar ba, ba ga radiyatan ruwa da ke bayanta ba. An wuce Malbaza kaɗan ruwa ya tafasa, mota ta tsaya, fasinjoji suka ƙarasa da ƙafa. Kafin la'asar duk tashar Konni ta ji cewa randar Tanimun ta kashe mota.

Ni da Tanimun muka hau kabu-kabu muka je. Ya dubi harawar, ya juya ga Ayuba.

"Ayuba, in anka toshe maka hanci da harawa, kana gudu?"

"Maigida, surukina ne. Mi zan ce mishi?"

"Kajin ma surukanka ne?"

Tanimun ya kwance kayan, aka jira inji ya huce, aka zuba ruwa, mota ta tashi. Da muka koma ya yanke garkuwar, ya sa ragar waya wadda ko igiya ba ta shiga.

Bayan Sallah Mahmud ya zo da amalanke. Na ce masa laifin harawa ne, ba na aiki ba.

"Rantsuwar ba ta ambaci harawa ba," in ji shi. "Ta tsaya ko ba ta tsaya ba?"

Liman ya ce Tanimun na iya yin kaffara ya zauna. Tanimun ya ce a bari. Ya ce in ma ya zauna, gobe wani zai rataya wa ragar tabarma, kuma shi idonsa ya gaji. Ya loda kayan aikinsa ya hau.

Motar Ayuba tana nan tana wuce sa'o'inta da tsakar rana. A tasha har yanzu wasu na cewa ita ce wadda Tanimun ya kashe. Na je Bazaga da kaka na tarar da shi yana ɗaurin harawa. Bai tambayi iyalina ba.

"Ka taɓa tiyon kwanan ga?"

Na ce na taɓa, da sanyi.

"Da rana ko da sahe?"

"Da rana."

Ya gyaɗa kai, ya ce in daina tsayuwa kamar buhu in riƙe masa bakin igiya.