Rigar Audugar da Inna Ta Ɗinka Mini Don Teku

Takardar ta zo ne a tsakiyar damina, ina jin a watan da kududdufin bayan gidanmu a Fagge ya cika har ya taɓa gindin katanga. Ba zan rantse da shekarar ba, amma dai Turawa ba su tafi ba tukuna. Na gama kwalejin horon malamai, na koyar shekara biyu, sai aka zaɓe ni in je Ingila kwas. A cikin takardar akwai jerin kayan da za a taho da su, kuma can ƙasa akwai layi guda da ya hana ni sukuni. Wai makarantar tana bakin teku, ɗalibai sukan shiga ƙananan jiragen ruwa masu ƙyalle da iska ke turawa, saboda haka a zo da tufafin da za su iya da sanyi da ruwa.

Daga baya na gane wasa ne kawai, wanda ya ga dama ya shiga. A lokacin kuwa umarni na ɗauke shi. Da yamma idan na taso daga makaranta sai in tsaya a bakin kududdufin, in zuba wa ruwan ido har ya faɗaɗa a zuciyata, gidajen ƙetare su ja da baya su ɓace. Balbela ta gifta, in ce wataƙila haka ƙyallen jirgin yake, fari, ba nauyi. Sai kiran magariba ya dawo da ni.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta yi mini tambaya a kan tekun ba ko sau ɗaya. Sanyin ta riƙe. Tun rasuwar mahaifina idonta ya fara rauni, ta daina kaɗi, amma washegarin ranar da na karanta mata takardar na tarar ta baje auduga a tabarma tana shiɓa. Ta yanka ƙyalle ninki biyu, ta shimfiɗa audugar a tsakani, ta fara bi da allura layi-layi, kusa da kusa, yadda ake wa abin goyon jariri a lokacin ɗari. Ni nake zura mata zaren. Tana kai ƙyallen dab da fuskarta, tana laluben ɗinkin da yatsa.

"Wanda ya sa wannan," in ji ta, "ko a cikin randa aka kwantar da shi ba zai ji sanyi ba."

Na yarda da ita, domin ban san wani abu daban ba.

Sauran kayan jerin ne suka kai ni kasuwar Sabon Gari, rumfar wani dattijo mai sayar da gwanjo. Bayarabe ne, maƙwabcinmu a Fagge, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kuma kowa ya san ya yi aikin jirgin ruwa a Ikko da ƙuruciyarsa. Rumfar tana ƙanshin wani abu mai kama da ƙasa mai nisa. Manyan kwat na sojoji a rataye, hannuwansu na lilo kamar masu su sun fita ne yanzun nan. Na ba shi labarin rigar Inna, ina jin da ɗan alfahari.

Ya dube ni ya daɗe. "Malam ƙarami, auduga ka ce? A cikin jirgi?"

"I, Baba. Mai kauri ce sosai."

"Ku Kanawa! Ruwan da kuka sani na buta ne." Ya yi dariya har da tari. "Auduga ƙishirwa gare ta. Ta ga ruwa sai ta sha ta ƙoshi, ta riƙe shi a jikinka. Kana cikin jirgi sanyi ya kashe ka, ka faɗa ruwa ta ja ka ƙasa. Wanne ka zaɓa?"

"To ai, Baba, mai yiwuwa ba lalle in faɗa ba."

"Kai? Da kake tuntuɓe a ƙofar masallaci?"

Ya jawo wata suwaita ta ulu, toka-toka, mai kaushi, ya ce gashin tumaki ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Ya ɗora mata wata riga ta tamfol da aka shafe da mai, mai ƙara idan an motsa ta, ya ce wannan a sama, waccan a ƙasa, kuma kada in ɗaure komai da igiyar da ba zan iya kwancewa da hannu ɗaya ba. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi, amma teku ba ta jiran mai tunani ya gama.

Ban so in yarda da maganarsa haka kawai ba. Na ɗauki ɗan guntun da Inna ta yanke daga wuyan rigar, na saka a ƙwarya da ruwa. Ya yi iyo kaɗan, kyakkyawa, kamar gajimare. Sai ya yi duhu daga gefe, ya nutse a hankali ya kwanta a ƙasan ƙwaryar.

Abin da ya rage shi ne in faɗa mata. Kullum in shirya maganar a hanya, in iso gida in same ta a bakin ɗaki ta sunkuya, yatsanta naɗe da tsumma inda allura ta soke ta, ta miƙo mini zare. Sai in zura. Na yi tunanin in tafi da rigar in ɓoye ta a akwati, amma na san za ta sa in yi mata alkawarin sawa duk ranar da zan shiga ruwa, ni kuma ban iya yi mata alkawarin ƙarya ba.

Ranar da ta gama, ta ce ba za a kai sabuwar riga ƙasar mutane da dattin hannu ba. A wanke, a shanya, a turara. Da hantsi ne, ranar Asabar. Na ja mata ruwa daga rijiyar tsakar gida na cika babban daro, ta tsoma rigar, ta danna ta da tafin hannu. Muka ji tana shan ruwan, ƙut-ƙut, har daron ya koma rabi.

Ta kama kafaɗun za ta ɗaga. Rigar ba ta motsa ba. Ta gyara tsayuwa ta sake ja, ta ɗago kaɗan ta suɓuce ta koma.

"Zo ka kama mini."

Mu biyu muka fito da ita da ƙyar, ruwa na zuba a ƙafafunmu. Inna ta tsaya riƙe da hannun rigar, tana jin nauyinsa. Ba ta dube ni ba.

"Da kana ciki fa?" ta ce a hankali.

Na sunkuya na shiga matse bakin rigar.

"Ka sani ke nan."

"Ina jin... Baba na Sabon Gari ya ɗan yi mini bayani, Inna. Ban dai tabbatar ba sosai."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kana zura mini zare." Ta saki hannun rigar. "Don kada raina ya ɓaci za ka je ka nutse a garin da ban san hanyarsa ba? Wannan ne karatun?"

Ta goge hannuwanta da gefen zani, ta ce in wuce kasuwa yanzu, in ce wa dattijon nan tana gaishe shi, ya ba ni mai gashin tumakin da mai ƙarar, kuma in kawo su nan tsakar gida kafin in sa su a akwati.

"Ka sake cika daron," in ji ta. "Su ma sai na tsoma su na ɗaga da hannuna."